Ɗan Aike a Aljihu: Sanarwar Imel da Amanar Malamin Makaranta

A zamanin da wasiƙa take zuwa ta gidan waya, malamin firamare a ƙauyukan ƙasar Gumel yana da wani aiki wanda ba a rubuta shi cikin takardar ɗaukarsa aiki ba. Shi ne mai karanta wa jama'a wasiƙunsu, shi ne kuma mai rubuta musu amsa. Dattijon da ɗansa ya tafi cin rani Ikko ko Fatakwal yakan zo masa da ambulan bayan sallar la'asar, su keɓe a zaure, malam ya buɗe ya karanta masa abin da ke ciki, ko batun kuɗi ne, ko rashin lafiya, ko maganar aure da ba a so ta fita tukuna. Wasiƙu da yawa ma da adireshin makarantar ake aiko su, ta hannun hedimasta. Iya karatun boko shi ya kai malami wannan matsayi, amma riƙon amana ne ya zaunar da shi a kai, domin jama'a sun shaida cewa cikinsa ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Malamin da aka ji sirrin wani a bakinsa sau ɗaya, to, ba a sake kai masa ambulan.

A yau wasiƙar ta bar jakar masinja ta shiga aljihu. Ɗalibin da ke karatu a Kwalejin Ilimi ta Jihar Jigawa da ke Gumel da wuya ya kammala shekarunsa ba tare da adireshin imel ba. Da shi ake buɗe rajista a hukumar JAMB. Da shi ake neman rancen karatu na asusun NELFUND wanda ya fara aiki a 2024. Da shi ake hulɗa da Hukumar Rajistar Malamai ta Ƙasa, wato TRCN. Kuma idan aka fito neman aiki, ta nan ne sau da yawa gayyatar jarrabawa ko ta ganawa take isowa. Irin waɗannan saƙonni kuwa da wa'adi suke zuwa, wanda bai ga nasa da wuri ba yakan rasa abin da ya shekara yana jira. Wannan ne ya sa 'yar ƙarar nan da waya take yi, tare da ɗan rubutun da ke bayyana a fuskarta, abin da ake kira sanarwa, ta zama abin dogaro ga ɗalibi da malami. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce: wane ne yake kawo wannan sanarwa, kuma me yake gani a kan hanyarsa?

Yadda sanarwa take isowa

Waya ba ta da masaniyar cewa an aiko wa mai ita da wasiƙa sai an gaya mata. Wasiƙar tana sauka ne a wata babbar kwamfuta ta kamfanin da ya ba mutum adireshi, wadda wataƙila tana Amurka ko Turai. Daga nan ko dai wayar ta riƙa zuwa tana tambaya lokaci zuwa lokaci, kamar mai akwati a gidan waya da ke zuwa da makullinsa yana dubawa, ko kuma ta bar layi a buɗe tsakaninta da babbar kwamfutar, domin a taɓo ta da zarar wani abu ya faɗo. Barin layi a buɗe yana cin batir. Da a ce kowace manhaja daga cikin talatin ko arba'in da ke cikin waya za ta riƙe layinta daban, da batir bai kai azahar ba.

Dabarar da manyan kamfanonin suka ɓullo da ita ita ce a bar layi guda ɗaya tak, kowa ya bi ta kansa. Kamfanin Apple ya fara nasa tsarin a 2009, Google kuma ya biyo baya a 2010, sunan nasa ya sauya sau biyu, a karo na biyun ne ya zama Firebase Cloud Messaging a 2016. Ma'anar wannan ita ce, idan banki ko kamfanin imel ko wata manhajar hira tana son ta sanar da mai wayar Android wani abu, a mafi yawan lokaci ba ta zuwa wurinsa kai tsaye. Tana miƙa saƙon ne ga Google, shi kuma ya taɓo wayar. Kwatankwacin unguwa ce mai ɗan aike guda ɗaya, wanda duk mai son aika saƙo zuwa kowane gida sai ya ba shi.

Ko shakka babu dabara ce mai amfani, kuma don ceton batir aka yi ta. Sai dai ɗan aiken da ke kai wa kowa saƙo yakan san abubuwa da yawa ko da bai buɗe ambulan ba. Ya san wa ya aiko, ya san gidan da aka aika, ya san rana da sa'a. Idan mai aikowa bai kulle rubutun da ke ciki ba, to har abin da aka rubuta yana iya wucewa ta hannunsa a buɗe. Kada a raina sanin mai aikowa da lokacin aikowa. Wanda ya san cewa wance tana karɓar saƙo daga manhajar masu juna biyu kowane mako, ko wane yana samun sanarwa daga manhajar rance sau biyar a yini, ko ta caca da tsakar dare, ba ya bukatar karanta ko kalma ɗaya kafin ya san halin da suke ciki.

Wannan ba zargi ne na masu tsoron inuwarsu ba. A watan Disamba na 2023 wani ɗan majalisar dattijan Amurka mai suna Ron Wyden ya rubuta wa Ma'aikatar Shari'a ta ƙasarsa wasiƙa a fili, yana bayyana cewa gwamnatoci suna neman bayanan sanarwa daga Apple da Google a asirce. Kamfanin Apple ya tabbatar da haka, ya ce a baya an hana shi yin magana ne, kuma cikin 'yan kwanaki ya sauya ƙa'idarsa ta yadda sai da umarnin alƙali zai miƙa irin waɗannan bayanai. Abin lura a nan shi ne, bayanan da gwamnatoci suka ga sun isa a nema, ba bayanan banza ba ne.

Wayar da aka sallami ɗan aiken

Akwai mutane, musamman a Turai da Amurka, da suka ga cewa maganin abin shi ne a sallami ɗan aiken gaba ɗaya. Tushen manhajar Android a buɗe yake, kowa yana iya ɗauka ya gina nasa a kai, saboda haka aka samar da wasu tsare-tsaren waya waɗanda aka cire musu hidimomin Google. Daga cikinsu akwai GrapheneOS, da LineageOS, da kuma /e/OS wanda wani Bafaranshe, Gaël Duval, ya assasa. Su ne ake kira wayoyin tsare sirri. Wani abin dariya shi ne, GrapheneOS, wanda ake ganin ya fi sauran tsauri, an fi saninsa a kan wayoyin Pixel, waɗanda kamfanin Google ɗin ne da kansa yake ƙera su.

Kukan farko da sabon mai irin wannan waya yake yi kusan ɗaya ne a ko'ina: wayar ta yi shiru. Wasiƙa takan kwana a akwati bai sani ba. Ya kori ɗan aike, ya manta bai naɗa wani ba.

Mafita mafi daɗewa ta girmi wayar zamani kanta. Tun a 1997 aka ƙara wa ƙa'idar karɓar imel da ake kira IMAP wani umarni mai suna IDLE, wanda ke ba manhaja damar riƙe layinta a buɗe kai tsaye da kwamfutar da ke ajiye wasiƙu, babu mai shiga tsakani. Manhajoji irin su FairEmail da K-9 Mail suna aiki da shi. K-9 Mail ita ce wadda masu Thunderbird suka karɓa a 2022, suka kuma fito da ita da sunan Thunderbird na Android a 2024. Amma wannan hanya tana da nata haraji. Tun daga Android na 6, wanda ya fito a 2015, waya takan sa manhajoji barci idan aka ajiye ta, domin adana batir, sai mutum ya shiga saiti da kansa ya ce a ƙyale manhajar imel ta zauna a farke. Duk lokacin da sabis ya yanke kuma, layin ya tsinke ke nan, sai an sake ƙulla shi, kowane ƙulli kuma da abin da yake ci na batir da data.

Wasu kamfanonin imel sun ɗauki nasu ɗan aiken. Kamfanin Tuta na Jamus, wanda a da ake kira Tutanota, ya daina bin hanyar Google a 2018 ya gina tasa. Proton Mail na ƙasar Siwizalan kuwa ya daɗe yana bi ta hanyar Google ɗin, sai dai yana kulle abin da ke cikin sanarwar kafin ya miƙa, wanda hakan ya sa masu wayar da babu Google a ciki suka sha fama da shirun manhajarsa. Akwai kuma wani yunƙuri mai suna UnifiedPush, wanda manufarsa ita ce mai waya ya zaɓi ɗan aiken da ya yarda da shi, sauran manhajoji su bi ta kansa. Amma manhajojin da suka amince da shi ba su da yawa, kuma bankunan Nijeriya ba da shi suke aiki ba. Masu GrapheneOS da yawa daga ƙarshe sukan dawo da ɗan aiken Google, su tsare shi a zaure, wato su sa hidimomin Google cikin wani keɓantaccen wuri inda ba su da ikon leƙa sauran ɗakunan wayar. Hakan ya rage ɓarna ƙwarai, amma har yanzu ɗan aiken ya san wa ya aiko da kuma yaushe.

A ma'aunin Gumel

Idan aka ɗora duk wannan a ma'aunin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, sai a ga cewa shawarar a sayi wayar tsare sirri shawara ce ta wanda bai san kasuwar ba. Wayoyin da ke hannun ɗalibai da malamai galibi Tecno ne da Infinix da itel, dukkansu na kamfanin Transsion da ke birnin Shenzhen na ƙasar Sin, kuma waɗancan tsare-tsare ba don su aka gina su ba. Mai son Pixel sai ya nufi Kano, kasuwar waya ta Farm Centre, kuma ko wadda aka yi amfani da ita ce farashinta ya ninka mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024. Idan ta lalace, mai gyaran da ke kusa abu na farko da zai yi shi ne ya wanke ta ya mayar mata da tsarinta na asali. Daɗin daɗawa, wasu manhajojin banki sukan ƙi buɗewa a wayar da aka sauya wa tsari, malamin da albashinsa ta banki yake zuwa kuwa ba zai yi wasa da wannan ba.

Sai kuma batun sabis da wuta. A ɗauki misalin ɗalibin da aka tura gwajin koyarwa wani ƙauye a Sule Tankarkar ko Gagarawa, inda sabis yake zuwa yana ɗaukewa, inda kuma caji sai an kai shago an biya. Layin da aka ce a bar shi a buɗe dare da rana zai yi ta tsinkewa yana ƙulluwa, batir yana zuba. A bakin iyaka wajen Maigatari ma waya takan kamo sabis na Nijar ta saki na gida. Abin da ya yi wa mazaunin Balin ko Faris daidai, mai wuta dare da rana da intanet a ɗakinsa, a nan nauyi ne.

Akwai kuma wata gaskiya da masu ɗokin waɗannan wayoyi sukan tsallake. Mafi yawan ɗalibai adireshinsu na Gmail ne. Wanda wasiƙarsa take kwana a kwamfutar Google, idan ya kori ɗan aiken Google bai ɓoye wa Google komai ba, domin gidan wayar ma nasa ne. Adalci ne a faɗi cewa kamfanin ya sanar a 2017 cewa ya daina duba abin da ke cikin wasiƙun Gmail don tsara talla. Duk da haka wasiƙun a hannunsa suke. Saboda haka mai son sirrin wasiƙarsa da gaske, daga zaɓen gidan waya zai fara, batun ɗan aike ya biyo baya.

To, ke nan maganar ba ta shafi malamin Gumel ba? Ta shafe shi, ta wata fuska. Amfanin wayar tsare sirri a gare shi shi ne darasin da ta tona: cewa sanarwa ta nan take ba kyauta ba ce, ana biyanta ko da batir ko da bayanan kai, kuma mutum yana da ikon ya ce ba ya so. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Da zarar an fahimci haka, sai a tambayi kai ko wace wasiƙa ce ba za ta iya jiran rabin sa'a ba. Gayyatar jarrabawa ba ta lalacewa cikin minti talatin. Takardar ɗaukar aiki ba ta ruɓewa kafin la'asar. Abin da kawai yake bukatar gaggawa shi ne lambar tabbatarwa da ake aikowa yayin rajista ko tura kuɗi, a lokacin kuwa wayar tana hannun mutum, yana iya buɗe akwatin da kansa ya duba. Hanyar da ta fi dacewa da malamin karkara ita ce tsohuwar hanyar mai akwati da makulli: a saita manhajar imel ta riƙa dubawa duk bayan rabin sa'a ko sa'a guda, ko kuma mutum ya ɗora wa kansa dubawa sau uku a yini, da safe kafin shiga aji, da bayan an tashi, da kuma bayan isha'i. Wannan yana aiki a kowace waya, mai tsada da mai araha, yana rage cin batir, yana kuma hana aljihun malami yin kuka a tsakiyar darasi. Sharaɗinsa ɗaya ne, shi ne a riƙe al'adar dubawa, domin wanda ya kashe sanarwa kuma ya manta da akwatinsa mako biyu, ya fi wanda bai kashe ba asara.

Ɓarakar da ta fi kusa

Ana iya shagala da Google da majalisar Amurka a manta cewa sirrin malamin Gumel ya fi zuba a kusa da gida. Sanarwar da ke bayyana a fuskar waya alhali tana kulle, kowa ya ɗaga wayar zai karanta. Wayar kuwa hannuwa nawa take bi a yini? Tana kwana a shagon caji cikin wayoyi hamsin. Ƙane yana ara ya yi kira. Abokin aiki yana ɗauka ya duba lokaci. A ranar Alhamis ta kasuwar Maigatari, musamman tun bayan ƙarancin takardun naira na farkon 2023 da ya tura fatake da dillalai ga tura kuɗi ta waya, sanarwar banki takan faɗo da adadin abin da ya shiga da abin da ya rage a asusu, a tsakiyar cunkoson kara, ido ɗari a kai. Lambar tabbatarwa ta banki ma haka take bayyana, ba sai an buɗe wayar ba. Tun daga Android na 5, a 2014, akwai saitin da ke ɓoye abin da ke cikin sanarwa har sai an buɗe waya, ta yadda mai kallo zai ga an aiko da saƙo amma ba zai ga mene ne ba. Gyara shi bai fi minti ɗaya ba, kuma ya fi tsare malami daga cutar da za ta same shi a zahiri fiye da wayar dubu ɗari biyar.

Ta biyu ta fi wannan muni, kuma kusan kowane ɗalibi ya san ta. Adireshin imel na ɗalibai da yawa ba su suka buɗe shi ba. Mai shagon intanet ne ya buɗe musu ranar rajista, shi ya zaɓi kalmar sirri, sau da yawa lambar wayar ɗalibin ce ko shekarar haihuwarsa, wani lokaci ma lambar wayar mai shagon ce aka sa a matsayin ta dawo da adireshi idan ya ɓace. Yawancin masu shagunan nan mutanen kirki ne masu neman halali, sauri ne da yawan jama'a suke sa su yin haka. Amma sakamakon ɗaya ne: makullin akwatin yana hannun wani, kuma ranar da ɗalibi ya manta kalmar sirrinsa, lambar ceto wayar wani za ta tafi. Wanda ke cikin wannan hali ba shi da bakin yin maganar sirri tukuna.

Ta uku ita ce manhajojin da ake bai wa izini ba a karanta ba. A cikin Android akwai izinin da ke bai wa manhaja damar karanta sanarwar sauran manhajoji duka, akwai na ganin lambobin mutanen da ke cikin waya, akwai na hotuna. Nijeriya ta ga abin da wannan ke haifarwa a hannun manhajojin rance, waɗanda suka riƙa aika wa dangi da abokan aikin mai bashi saƙonnin tozarci. A watan Agusta na 2021 hukumar NITDA ta ci tarar kamfanin Soko Lending naira miliyan 10 saboda keta sirrin masu hulɗa da shi, kuma daga ƙarshen watan Mayu na 2023 Google ya hana manhajojin rance taɓa lambobi da hotunan mutane. Malamin da albashi ya yi wa jinkiri shi ne farkon wanda irin wannan tarko yake kamawa, mutuncinsa a garin da yake koyarwa kuwa shi ne jarinsa. Wani lokaci ma cutar da wayar take zuwa: a 2020 wani kamfanin tsaron na'urori ya ba da rahoton samun muguwar manhaja a cikin wasu wayoyin Tecno W2 da aka sayar a Afirka, kamfanin Transsion kuma ya ce daga wajen wani mai kawo masa kaya ta shigo.

Mai cewa ba shi da abin ɓoyewa

Amsar da aka fi ji idan aka ta da wannan magana ita ce, mai gaskiya ba ya tsoron a duba shi, kuma wane ne malamin firamare da Google zai damu da shi? Rabin maganar gaskiya ne: babu wani ma'aikaci a Amurka da ke zaune yana karanta wasiƙun malamin Gagarawa. Amma ɗaya rabin ya saɓa wa tarbiyyar da mai maganar ya tashi a cikinta. Bahaushe bai gina zaure don yana aikata laifi a cikin gida ba. Bai ce a yi sallama a jira izini don yana ɓoye kayan sata ba. Gida yana da ciki da waje, magana tana da ta zaure da ta ɗaka, wannan kuwa mutunci ne. Addini ma haka ya koyar: a Suratun Nur an yi umarni da neman izini kafin shiga gidan wani, a Suratul Hujurat an hana bin diddigin asirin mutane. Sashe na 37 na Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya lamunce wa ɗan ƙasa sirrin gidansa da wasiƙunsa da maganganunsa na waya. A watan Yuni na 2023 kuma aka sa hannu a kan Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Nijeriya, wadda ta kafa hukuma ta musamman don wannan aiki.

Hasali ma malami ba shi da ikon ya yafe sirrin da ke cikin wayarsa, domin ba nasa ne shi kaɗai ba. A cikinta akwai sakamakon jarrabawar yara, da hotunansu, da lambobin iyayensu, wani lokaci har da bayanin yaron da ke da wata lalura ko yarinyar da ake shirin cirewa daga makaranta. A lokacin tantance ma'aikata, jerin sunayen malamai da lambobinsu na banki da na shaidar ɗan ƙasa yakan yi ta yawo daga waya zuwa waya. Dokar 2023 ta tanadi cewa sai da yardar iyaye ko mai riƙo ake sarrafa bayanan yaro. Malamin da ya bar wayarsa a buɗe a shagon caji da waɗannan abubuwa a ciki, daidai yake da malamin da ya karanta wa dattijo wasiƙarsa sannan ya bar ta a kan benci a bakin kasuwa.

Rabon kwaleji da hukumomi

Ba daidai ba ne a ɗora wa ɗalibi nauyin duka. Hukumar da ta aika gayyata ta imel kaɗai, ta ba da wa'adin kwana biyu, ta manta cewa akwai wanda sai ya hau tudu yake samun sabis, ita ce take tilasta wa mutane barin kowace ƙofa a buɗe don tsoron kada saƙo ya wuce su. Wa'adin mako guda, tare da liƙa sanarwa a allon makaranta da ofishin ilimi na ƙaramar hukuma da kuma faɗa a rediyo, zai sauke rabin wannan tsoro. Haka kuma bai kamata a riƙa rubuta sakamako ko adadin kuɗi a kan taken wasiƙa ba, tunda taken ne yake fitowa a fuskar waya.

Darussan kwamfuta da ake koyar da ɗaliban kwalejojin ilimi sun daɗe suna farawa da sassan na'ura da tarihinta. Babu laifi a wannan, amma sa'a guda ta aiki da hannu, kowa da wayarsa, za ta fi amfanar malamin gobe. Malaman Hausa ma suna da nasu rabon. Kalmar waya kanta daga Turanci aka aro ta tun zamanin tangaraho, Hausa ta narkar da ita har ta haifi gidan waya da wayar salula; amma har yau kalmomin saitin waya a Turanci yawancin mutane suke cin karo da su, kuma wanda bai fahimci tambayar da waya ta yi masa ba, amincewa kawai yake dannawa. Daga Android na 13, wanda ya fito a 2022, sai manhaja ta nemi izini kafin ta fara aiko da sanarwa. Dama ce aka ba mai waya ya ce a'a, amma sai in ya gane abin da ake tambayarsa. Malamin da zai iya bayyana wa iyayen yara a taron makaranta, da Hausa tsantsa, bambancin izinin aiko da sanarwa da izinin karanta ta, ya koma kan aikin da magabatansa suka yi a zaure.

Lokacin da ya fi dacewa da wannan sa'a guda shi ne makon da ake shirin tura ɗalibai gwajin koyarwa, kafin su watsu cikin ƙauyuka. A zaunar da su rukuni rukuni, kowa ya shiga adireshinsa ya sauya kalmar sirrin da mai shago ya sa masa, ya duba lambar wayar da ke kan adireshin ya tabbatar tasa ce, ya ɓoye abin da ke cikin sanarwa daga fuskar waya, ya buɗe jerin manhajojin da ke da izinin karanta sanarwa ya cire waɗanda bai sani ba. Wanda aka tarar lambar ceton adireshinsa ta wani ce, kuma ya manta kalmar sirrin, gara a gano haka yana cikin kwaleji, inda zai iya komawa shagon da aka buɗe masa tun mai shagon bai sauya layi ba.